Ƙodar Kolapo

"Ba za ka bayar ba!" Iya ta ture kwanon amala gefe. "Wata tara na ɗauki ƙodar nan a cikina!"

Na ce, "Iya, Dotun abokina ne tun firamare. Ƙodojinsa sun daina aiki. Likita ya ce ni da guda ɗaya ma zan rayu lafiya."

Baba ya ajiye carbi. "Kolapo, jiki amanar Allah ne. Ranar tashin ƙiyama in an tambaye ka ɗayar, ka ce tana ina?"

Iya ta kwance ɗankwali ta fashe da kuka, tana rantsuwa duk Ibadan ba likitan da zai taɓa mata ɗa. Na fita daga gidan, takardar asibiti a hannu, ina share hawaye. Ban taɓa sanin haka suke sona ba.

Sai a bakin titi na tuna na bar makullin babur. Na dawo, na jiyo muryar Iya garau, ba alamar kuka.

"Saura ƙiris ya yi mini asara. Shekara goma ina fama da ciwon suga, ƙodar nan nake tanadar wa kaina."

"Ke wa?" in ji Baba. "Ni da hawan jinina fa?"

"To ɗauki ta hagu, ta dama tawa ce."

Na banko ƙofa. "Ni kuma in rayu da me?"

Suka dubi juna. Baba ya ɗauki carbinsa a natse.

"Ka ga abin da ya sa kullum muke ce maka ka yi aure ka haihu?"