Sauran Ɓera

Shekarar da tarakta ta danne Baba a gonar dawa bayan garin Doka, ina shirin imtihan, wato jarrabawar makaranta. Wata la'asar ina bita a gindin zana, yunwa tana goge duk abin da na haddace.

Inna ta ɗaga faifai. Kisra ɗaya, siririyar gurasar nan ta dawa, ta rage, ɓera kuma ya gaigaye gefenta. A gidanmu ba a ba ɗan makaranta sauran ɓera, wai yana kawo mantuwa.

Ta bi gurbin haƙoran da yatsa, ta yage wajen a hankali, ta miƙo mini tsakiyar.

Na ce, "Inna, zubar da wancan."

Ta tura shi a baki, ta ce, "Ci naka ka yi karatu. Ni da mantuwar za ta kama ni, ai da na gode."

Na ci imtihan, amma yau ko layi ɗaya na darasin ban riƙe ba. Ita kuwa mantuwar ba ta zo mata ba. Har ta rasu, in ta ji ƙarar tarakta sai ta ajiye abin da ke hannunta.