Ku Dawo Gobe, Ana Kan Aiki

Doña Eufemia ta sauko daga motar ƙauyensu, Las Pavas, da kwando a hannu, ƙafafunta a kumbure saboda dogon zama. Ba ta tambayi kowa hanya ba. Ko an ɗaure mata ido za ta kai kanta ƙofar Licenciado Maradiaga, shugaban sashen kare dabbobin da ke dab da ƙarewa.

Abin da take nema bai taka kara ya karya ba. Sa hannu ne kawai, a saka akun kwarinsu, ƙaramin nan mai shuɗin wuya, cikin tsuntsayen da doka ta hana a taɓa. In aka yi haka, kamfanin manja ba zai sare dajin bayan ƙauyen ba. Mijinta Gumersindo ne ya fara wannan sintiri. Duk abin da gwamnati ta nema ya kai mata: hotuna, taswira, samfuri, shaidar limamin coci, har da dangwalen yatsan tsofaffi. Ya mutu yana jira. Eufemia ta gaji gonar kofi, ta gaji jiran.

A zamanin Gumersindo akun garke-garke suke tashi, sai an buga gwangwani kafin su bar gonar masara. Masu tarko suka kwashi nasu, masu zarto suka ci gefen daji. Daga ƙarshe saura namiji ɗaya a kan tsohon rimi, yana kira tun safe har yamma, babu mai amsa masa. Kukan nan yana ci wa Eufemia rai, don ita ma ta san gidan da babu mai amsawa.

Ba a ganin Licenciado, jin sa ake yi. Ka ƙwanƙwasa ƙofa, wata murya mai kaushi irin ta mashaya taba ta ce, "Waye? Ana kan aiki. Ku dawo gobe." Shi ke nan, ka gana da gwamnati. Don Chepe mai gadi shi ke karɓar tsaraba ya shigar. Ya ce maigidan yana son gwaiba da ɗanyar masara. Ranar da Eufemia ta kawo kaza kuwa, sai ya girgiza kai ya ce Licenciado ba ya cin nama, ya tafi da ita gidansa don kada a yi asara.

An yi zaɓe, an sake yi. Kowace jam'iyya ta hau sai ta sake wa ginin fenti da launinta, ta kori ma'aikata ta zuba 'yan uwanta. Licenciado kaɗai bai motsa ba. Mu da muke zaman benci har yabonsa muke yi: mutum ba ya fita cin abinci, ba ya hutu, ko a makon Ista ka ƙwanƙwasa zai amsa. Ina ka taɓa jin irin wannan ma'aikaci a ƙasar nan?

"Comadre, ƙawata, ki faɗa min gaskiya," in ji maƙwabciyarta Chayo wata rana suna gasa tortiya, wainar masararsu, "tsuntsu kike bi ko Licenciado? Duk wata kin ɗau wanka kin tafi birni!"

"Rufe min baki, ke dai. Mutumin da ko ƙeyarsa ban taɓa gani ba?"

"To ai irinsu ne mazan kirki. Ba ya dawowa a buge."

Amma yau ba ranar dariya ba ce. Jiya manyan motocin kamfani suka kai ga rimin, suka kayar da shi. Da ƙura ta lafa, Eufemia ta tsinci namijin matacce a cikin rassa, ta naɗe shi da ɗankwalinta. Shi ne a kwandon.

Don Chepe ya miƙo hannu yana washe baki. "Doña, an kawo wa maigida gwaiba?"

"Yau da hannuna zan ba shi."

Ta ƙwanƙwasa. "Waye? Ana kan aiki," in ji muryar. Ba ta jira ƙarshen ba. Ta sa kafaɗa, irin kafaɗar da ta saba da buhun kofi, ƙofar ta buɗe.

Ƙura ta rufe tebur. Takardu sun taru har rufi, ɓeraye sun yi nasu nazarin a gefe. A bango hoton wani shugaban ƙasa ne da har an manta da shi. Kujerar babu kowa.

"Ki rufa min asiri, Doña," in ji Don Chepe a bayanta, yana murza hula. "Licenciado ya daɗe da komawa gonarsa ta bakin teku. Ni kuma ba a ba ni izinin yi wa jama'a magana da sunan ofis ba. Sai na ga tunda dai an iya aikin..."

Eufemia ba ta saurare shi ba. A bayan ƙofa, cikin kejin karan da ta gane saƙar Gumersindo ce, a kan tarin ɓawon gwaiba, macen akun da ya kawo da ranta a matsayin samfuri ta karkata shuɗin wuyanta, ta leƙa kwandon, ta ce, "Ku dawo gobe."