Matar Mahauci da Ƙwaryar Man Shanu

An yi wata mata, matar wani mahauci, a wani gari na bakin fadama. Ba ta iya daɗin baki ba, duk son da take wa mijinta a tukunya take zuba shi. Da yamma yakan dawo mata da tozo da kitsen da ya ware, ita kuma ta dafa, ta kwarara man shanu a kan tuwo, ta zauna gefe tana kallonsa yana ci. Da ya yi ƙiba ya ajiye teɓa, dangi suka yi ta sa mata albarka, don a garin nan da jikin miji ake auna hannun mace. Sai numfashinsa ya fara gajarta, daga rumfa zuwa masallaci sai ya tsaya ya dafa bango. Likita ya auna shi ya ce zuciyar ta fara gajiya, amma ba ta kai ga shan ƙwaya kullum ba tukuna. In ya bar kitse, ya rage gishiri, ya riƙa tafiya a ƙasa yana kuma zuwa ana duba shi, za ta iya farfaɗowa. In ya ƙi, wata rana za ta tsaya masa ba sallama.

Matar ta daɗe tana kallon ƙwaryar man shanunta, sannan ta rufe ta aika wa maƙwabciya. Ta koma kwaɗon zogale da faten wake da miyar kuka. Yakan yi fushi ya ture kwano, ranar ita ma sai ta ƙi ci. Da ta ga ba zai taka don kansa ba, sai ta ce tana so ta riƙa zuwa lambu da sassafe ta tsinko ganye, amma tana tsoron karnukan hanya. Ya san ba ta tsoron kare, duk da haka ya ɗauki sanda ya bi ta. Mahauta suka laƙaba masa ango. Yayarsa ta zo ta ga riga ta yi masa yawa, ta ce a gaban mutane, “Ke, me ƙanena ya yi miki kike horar da shi da yunwa?” Matar ta sunkuyar da kai, ta shiga madafa ta yi kukanta, washegari ta sake dafa zogale.

Rani ya wuce, damina ta sauka. Wata safiya hadari ya rutsa da su a tsakiyar fadama, ya kama hannunta suka sheƙa da gudu har gida. A zaure ita ce ke haki, shi kuwa dariya yake yi. Ta ɗora tafinta a kan jiƙaƙƙiyar rigarsa, ta ji zuciyar tana bugawa da ƙarfi, daidai, ba tuntuɓe.

Shi ya sa Hausawa suka ce, mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romonsa.