A Mayar Da Shi Cikin Danginsa

Karo na huɗu ke nan Umma tana kunna wa Auta fim ɗin wata yarinya da abokinta kifin dolfin. Ba ƙaunar kifi ce ta kama Umma ba. Ƙanin mijinta ne ya zo kwana uku, ga shi yau wata takwas yana miƙe a doguwar kujerar falo, rimot a kan tumbi. Ba mai iya ce masa uffan, don ba a shiga tsakaninsa da Auta, kuma abin da Auta ta ce shi maigidan ke yi.

Da aka zo inda yarinyar ta saki dolfin ya koma teku, Umma ta ƙara sauti.

"Kin gani ko? In kina son mutum da gaske, mayar da shi za ki yi cikin danginsa."

Auta ta dubi Baffanta yana ta minshari, ta share hawaye, ta shige ɗaki. Da Umma ta ji ƙarar zif, har ta fara tunanin inda za ta shanya kushin.

Sai ga Auta tana jan akwati. Ta dire shi a gaban Umma.

"Wannan ai nawa ne," in ji Umma.

"Eh, Umma. Baffa ai cikin danginsa yake, gidan yayansa ne. Ke ce aka ɗauko daga naku."

Baffa ya buɗe ido ɗaya. "Matar Yaya, in kai ki tasha?"