Ƙafafun Bindigar Bamgol

Da manoma suka tono tsohuwar bindiga mashinga a gefen rafi, ƙafa biyu na mazauninta ne kawai suke motsi, ta ukun tsatsa ta riƙe gaɓarta. Aka loda ta a bayan mota tare da mazaunin da yake ɗauke da ita, aka nufi shagon Sok Dal-yong, don duk Bamgol babu mai walda irinsa.

Darakta Ham, shugaban sabon gidan tarihin gunduma, shi ya rako kayan. Yana so a kashe bindigar yadda ba za ta ƙara tashi ba, a gyara mazauninta mai ƙafa uku, a kafa ta a zaure kafin bikin buɗewa nan da sati uku.

"Baba, kai ka yi soja, ka san kanta," in ji shi.

"Tukwane na ɗauka wa sojoji. Ka kai ta birni."

Matar Dal-yong, Pyo Kum-rye, tana tsakar gida tana barbaɗa wa kabeji gishiri. Ba ta ko ɗago kai ba.

"Karɓi aikin, Baban Mi-ja," ta ce wa mijin nata.

Ham ya sunkuyar da kai. Babu wanda bai san labarinta ba a garin. Tana da shekara goma sha uku, a hunturun yaƙi, sojoji suka tara mutanen Bamgol a cikin rafin nan, wai suna ciyar da 'yan tawayen dutse. Mutum sittin da huɗu suka shiga, ita kaɗai ta fito da rai, daga ƙarƙashin gawar uwarta, da harsashi a kafaɗa. Dal-yong kuwa baƙo ne. Bayan yaƙi da shekara shida ya shigo garin yana facin tukwane, ya gyara mata rufin ɗaki bai karɓi ko sisi ba, daga baya ya aure ta. Shekara arba'in ba a taɓa jin ya ɗaga mata murya ba.

Ya fara da bindigar. Ya cire allurar da ke fasa harsashi, ya niƙe ta da zarto, ya cusa sandar ƙarfe cikin bututun ya liƙe da walda, ya daskarar da kunamar. Wannan kwana biyu ya ɗauke shi.

Mazaunin ne ya ci lokaci. Kwana biyar yana jiƙe cikin kananzir. Ham ya kawo wani tsohon littafi mai zane-zanen sassan, yana nan kan benci ba a buɗe ba har ƙura ta rufe shi. Dal-yong ya zura hannu ƙarƙashin wuyan ƙarfen ya zaro wata 'yar ƙusa, kan ya rabu da ƙafafun.

"Ta ukun nan sai an yanke ta ko?" Ham ya tambaya.

"Dama can taurin kai gare ta." Ya goge hannu da tsumma. "Duk irinsu haka suke."

Kum-rye, wadda ba ta taɓa son warin shagon ba, yanzu kullum sai ta zo da butar shayin sha'ir, ta zauna a bakin ƙofa tana kallon hannuwansa. Shinkafar da take kawowa yadda ta zo haka take komawa, wandonsa ya fara zamewa daga ƙugu.

Sau ɗaya ya ce mata, "Koma gida mana, hayaƙin nan ba ya miki kyau."

"Na shaƙi wanda ya fi shi," ta ce.

Ana saura kwana uku aka kawo allon tagulla da za a kafa a gindin bindigar. An rubuta cewa da ita aka kare Bamgol daga abokan gaba da ke kan dutse. Kum-rye ta karanta har ƙasa. Shekara ashirin tana yawo ofis-ofis da takarda mai ɗauke da sunayen mutum sittin da ukun da aka kashe, tana neman hukuma ta amince da abin da ya faru, kowa ya karɓa ya ce za a duba.

"Iya, ki yi haƙuri," in ji Ham. "Shugaban gunduma zai zo da baƙi. Ba a gayyatar mutane biki a sa su kuka."

Ta naɗe takardarta ta mayar aljihu.

Ranar kafawa, da hantsi, Dal-yong ya baza ƙafafun uku a kan dandamali, ya ɗaure su da noti, ya ɗora bindigar. An shafe ta da mai tana sheƙi. Aiki ɗaya ya rage: a saita bakin, a liƙe gaɓar juyawa da walda, ta tsaya haka har abada. Ham ya nuna babbar tagar da ke kallon dutse.

"Ɗaga ta sama, Baba. Ƙara. Yauwa, nan."

Dal-yong ya ji wani sauƙi ya sauko masa. Minti biyu na wuta, shi ke nan. Ya jawo madubin walda kan fuskarsa.

"Tsaya."

Kum-rye ce, sanye da fararen kayan makoki. Ta tako har gaban dandamalin ta tsaya a gaban bindigar.

"Ba haka take ba," ta ce.

Ham ya yi murmushin lallashi. "Iya, masana ne suka ce dutse take fuskanta."

Ba ta dube shi ba. Mijinta ta duba, ta yi magana da muryar da take kiransa cin abinci.

"Baban Mi-ja ya fi masananka sani. Sauke bakinta, Maigida. Ranar da ka harbe mu, daidai ƙirjin uwata ka saita ta."