Abin Da Ramin Shadda Ya Tona

"Yi zamanki a gida, Darlene, wari kawai za ki sha," in ji mijina Wendell. Na riga shi shiga mota.

Duk Asabar yana tafiya ƙaramin gidanmu na bakin tafki ya kwana, wai kamun kifi. Ni kuwa jikina ya ba ni da wata yake tafiya. Yau duba-garin gunduma zai auna ramin shaddar gidan, yadda aka saba duk shekara uku. Rami ba ya rufa asiri, na mutum biyu ya fi saurin cika.

Duba-gari ya ɗaga murfi, ya zura doguwar sanda, ya zaro.

"Malam, tsakaninka da Allah, mutum nawa ke amfani da shi?" na tambaya.

Ya yi dariya. "Uwargida, tun kwashewar da aka yi a zuwana na baya, ko sau ɗaya ba a zaga a gidan nan ba."

Sanyi ya ratsa ni. Ashe babu wata! Na juya zan ba Wendell haƙuri, sai na ga gumi na keto masa. Ashe shi kansa ba a nan yake kwana ba.

Nan na tuna kifin da yake kawo min duk Lahadi, a soye, ya ji yaji. Wendell da ko ƙwai bai iya soyawa ba.