Zanen Inna Ya Kalli Hasken Kudu

Kai da kullum abin hannunka bai yi maka ba sai na gaba, gyara zama ka ji wannan.

An yi wani mahauci da neman abinci ya kai shi wani tsibiri can ƙarshen duniya ta kudu, inda in ka wuce sai teku da ƙanƙara. Yankan tumaki yake yi a wata babbar mayanka, amma ransa yana ga ɗaukar hoto. Da matarsa ta haihu, sai ya aika wa mahaifiyarsa tikiti ta zo ganin jika. Tsohuwa ta zo, ta sha sanyi har ta gode Allah, ga ciwon gwiwa. Abu ɗaya ne ya tsaya mata a rai. Ta ji ana cewa a ƙasar, idan rana ta tumbatsa ta yi feshi, abin da ta feso yakan iso duniya, sai da dare sama ta kama da haske, ja da kore, yana kaɗawa kamar labule. Tana so ta gani da idonta kafin ta koma, don ta san ba za ta sake taka wannan ƙasa ba. To amma ɗan nata ɗan fari ne, ko sunansa ba ta kamawa, balle ta buɗe baki ta roƙe shi wani abu. Sau ɗaya ta faɗa, shi ma jaririn ta gaya wa, a gaban uban.

Ana gobe za ta tafi, aka sanar a rediyo cewa rana ta yi feshin da aka daɗe ba a ga irinsa ba. Bayan isha'i tsohuwa ta fita bayan gida za ta kwashe zanenta daga igiyar shanya, sai ta ɗaga kai. Gefen kudu ya fara ja, wasu dogayen sandunan haske suna miƙewa sama. Ta manta da zane, ta ce "Subhanallahi," ta jawo kujera za ta zauna. Sai ga ɗan ya fito a guje rataye da kyamara. Ya duba sama, ya taɓe baki. "Inna, wannan ai ba komai ba ne. Ga wayar wuta ta ratsa, ga fitilar titi, ga igiya. Taso mu je bakin teku ki ga na gaske." Maƙwabciyarsu, wata tsohuwar Baturiya da ke tsaye a bayan nata gidan lulluɓe da bargo, ta ce masa abin nan fa ba ya jiran kowa. Ya yi mata murmushin wanda ya fi kowa sani.

Tsohuwa ta shiga mota ba don ta so ba. A mota kuwa me za ka gani? Rufi a kanka, gilashi ya dushe da tururin numfashi. Tana gogewa da bakin mayafi, tana hango jan yana ƙaruwa ta tsakanin bishiyoyi. A bakin teku suka tarar da mutane kamar ranar kasuwa, kowa ya ɗaga kai yana murna. Ta kama murfin mota za ta fita, ya ce a'a, fitilun motoci za su ɓata hoto, akwai wani tudu gaba kaɗan. Gaba kaɗan ɗin nan, Allah ya raba mu da shi! Takaici ya cika tsohuwa har ta kasa jan carbi. Da wani ɗan ne cikin ƙannensa, da tuni ya sha faɗa ya juya mota. Wannan kuwa, abin da ta iya cewa kawai shi ne, "Kai wannan, ai na nan ma ya ishe mu." Ya ce, "Ki dai bari ki gani, Inna."

A gindin tudun hanya ta ƙare, sai hawa da ƙafa, ga gwiwar da ko matakalar gida sai an riƙe ta. Ya bar ta a mota cikin duhun itatuwa, wai zai hau ya kafa kyamara sannan ya dawo ya kama ta. Ya kafa, ya gyara, ya matsa can, ya sake gyarawa. Kafin wuri ya yi masa, hadari ya taso daga teku ya rufe sama ruf. Ya tsaya jira har yayyafi ya koro shi. Suka koma gida ba hoto ko ɗaya.

Da safe ana loda jaka a mota, maƙwabciyar ta leƙo ta katanga da wayarta. Ta ce bayan tafiyarsu abin ya hau har tsakiyar sama, ta yi ta kallo har shayinta ya huce. Ta nuna musu hoton da ta ɗauka: sama ja wur, ƙasanta kore shar, wayar wuta ta ratsa tsakiya, ga rufin gidansu, ga kujera ba kowa a kai, ga zanen tsohuwa a kan igiya. Tsohuwa ta daɗe tana kallo. Ba ta dubi ɗan ba. Ta juya ga jaririn da ke hannun uwarsa ta ce, "To, ka gani ko, mai gida? Zanena ya kalla, ni ban kalla ba."

Daga baya ya samu hotunan da yake so, babu waya, babu igiya, ya aika gida. Ba ta ce a wanke mata ko ɗaya ba. Na Baturiyar nan shi ne a bangon ɗakinta har ta bar duniya.

Shi ne Hausawa ke cewa, garin neman gira aka rasa ido.